Wa zai biya? Lissafin cin abincin dangi a gidajen abinci na Legas

A gida Arewa, idan dangi suka taru cin abinci, babu wanda yake ganin jimillar abin da aka kashe. Shinkafar daga buhun da ke ɗakin ajiya aka ɗibo ta, wani ya aiko da kaji, gwaggo ta zo da man shanu da daddawa, mata suka wuni a bakin murhu. Kowa ya ɗauki ɗawainiya gwargwadon ƙarfinsa, kuma ba a auna na wani da na wani ba. Zaman Legas ya sauya wannan. Mai ɗaki ɗaya ko biyu a gidan haya a Agege ko Idi-Araba ba shi da tsakar gidan da za ta ɗauki mutum goma sha biyar. Dangin ma a warwatse suke: wani a Mile 12, wani a Ikorodu, wani can Ajah, ga cunkoson motoci a tsakani. Saboda haka idan Sallah ta zo, ko yaro ya sauke Alƙur'ani, ko wata uwa ta zo ganin jikoki, sai a ce a haɗu a wani gidan abinci a Ikeja ko Surulere. A can kuwa duk ɗawainiyar da aka saba rarraba ta a ɓoye sai ta dunƙule ta zama adadi ɗaya a kan takarda, a ajiye ta a tsakiyar tebur a gaban iyaye da surukai da yara.

Abin da muka gada shi ne babba ya biya, ko wanda Allah ya fi buɗa wa. Ɗabi'a ce mai kyau, kuma idan mutum ya ce shi ya gayyata, magana ta ƙare, nauyin nasa ne, kada wani ya ɓata masa alherinsa da miƙa hannu aljihu. Matsalar tana zuwa ne idan ba wanda ya gayyaci wani, an dai ce "mu haɗu", kowa ya zo da tunaninsa. Sau na farko Yaya zai biya da farin ciki. Na biyu zai biya. Zuwa na huɗu sai a ji aiki ya riƙe shi, ko mota ta lalace, taron ya watse ba tare da wani ya faɗi dalili ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Wanda ake kallo a matsayin mai hali a cikin dangi sau da yawa shi ne ke biyan kuɗin makarantar ƙanne, shi ke aika na cefane gida, shi ke fama da hayar shekara da ake biya a dunƙule. Barin masa lissafin kowane zama ba girmamawa ba ne.

Kuma karo-karon abinci ba baƙon abu ba ne a addini, balle a ce rowa ce aka aro daga wasu. Imam Bukhari ya buɗe babin tarayya a Sahihinsa da maganar haɗa guzuri, kuma a nan ya kawo yabon da Annabi (SAW) ya yi wa Ash'arawa, wata ƙabila daga Yaman, waɗanda idan abincinsu ya yi ƙaranci suke tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba. Malamai sun fahimci cewa babu laifi wani ya ci fiye da wani a irin wannan tarayya, tunda an yarda da juna tun farko. Sharaɗin shi ne yardar. Dukiyar mutum ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa, kuma kuɗin da kunyar idon surukai ta fitar daga aljihun mutum da wuya a ce da daɗin rai ya fita.

Kafin a zo ga yadda za a raba, sai a san me ake rabawa, domin a nan mafi yawan lissafi ke karkacewa. Farashin da ke jikin takardar jerin abinci a manyan gidajen abinci na Legas sau da yawa ba shi ne abin da za a biya ba. Akwai harajin VAT na tarayya, wanda ake ɗorawa kan sayen kaya da hidima, kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya tashi daga kashi 5 a watan Fabrairun 2020. Akwai harajin jihar Legas kan cin abinci a gidajen abinci da kwana a otal, kashi 5, bisa dokar da jihar ta yi a 2009. An sha shari'a kan ko ya dace a karɓi biyun tare, amma mai cin abinci dai yana ganin su layi biyu a rasit. Sannan wurare da yawa suna ɗora kuɗin hidima, wasu kashi 5, wasu kashi 10. Idan duka ukun suka haɗu a wurin da ke karɓar kashi 10, ƙarin ya kai kashi 22.5. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya ɗora kwata a kan duk farashin da ya gani: abincin naira 8,000 ya ɗauke shi a matsayin na 10,000. Wasu wuraren sun riga sun saka harajin a cikin farashi, buka da masu tuwo na unguwa kuwa galibi abin da aka faɗa shi ake biya. Tambaya ɗaya ce ke warware wannan, kuma kafin a zauna ake yin ta.

Ga abin da ke faruwa idan ba a yi la'akari da haka ba. An gama cin abinci, an ce kowa ya tura kuɗin abin da ya ci. Kowa ya tuna farashin farantinsa ya tura daidai, cikin gaskiya, ba da niyyar cuta ba. Babu wanda ya lissafa haraji. Babu wanda ya ɗauki ruwan roba goma sha biyu da aka sha, ko babban farantin gasasshen nama da aka sa a tsakiya kowa ya kai hannu, ko lemon da yara suka ƙara sau biyu, ko robobin da aka zuba ragowar abinci, waɗanda wurare da yawa suke sa wa kuɗi, musamman tun da jihar ta hana farar robar kumfa mai arha a farkon 2024. Wanda ya miƙa katinsa sai ya duba ya ga giɓin ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na lissafin, kuma kunya ba za ta bar shi ya koma ya ce wa yayyensa a ƙaro ba.

Mu ɗauki misali na ƙiyasi don a ga bambancin hanyoyin. Mutum goma sha huɗu ne a tebur: Hajiya, da gwaggo da ta zo daga Kano, da Yaya da matarsa da 'ya'yansu huɗu, da ƙanensa da amaryarsa, da ƙanwarsu da 'ya'yanta biyu, sai auta da ke karatu. Abinci da abin sha sun kama naira 180,000. Kuɗin hidima 18,000, VAT 13,500, harajin jiha 9,000. Jimilla naira 220,500.

Idan aka raba bisa kai, kowane mutum naira 15,750 ke nan. Yaya zai biya 94,500, ƙane 31,500, ƙanwa 47,250, sannan Hajiya da gwaggo da auta kowa 15,750. Wannan ba ya ma buƙatar dogon bayani. An sa wa uwa da baƙuwa kuɗi, abin da ba ɗan halak ɗin da zai yarda da shi, an kuma lissafa yaro ɗan shekara huɗu da ya ci rabin farantin shinkafa daidai da babban da ya ci kifi sukutum.

Idan aka ce gidaje uku masu samu su raba daidai, kowane gida naira 73,500. A ido yana da tsabta, shi ya sa mutane ke saurin faɗa masa. Amma ango da amarya, baki biyu, sun biya daidai da gidan baki shida. Ga kuma nauyin adadin kansa: mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Legas ta sanar a 2024 naira 85,000 ne. Ƙanen da ke karɓar abin da bai fi haka da yawa ba an cinye masa kusan wata guda a zama ɗaya, kuma ba zai ce uffan ba a gaban amaryarsa.

Hanyar da ta fi riƙe zumunci, a ganina, mataki biyu ce. Na farko a ƙirga kaso: babba kaso ɗaya, yaron da bai kai shekara goma sha biyu ba rabin kaso. A teburin nan manya takwas ne, yara shida, kaso goma sha ɗaya ke nan, kowane kaso kusan naira 20,000. Gidan Yaya kaso huɗu, 80,000. Gidan ƙane kaso biyu, 40,000. Ƙanwa da 'ya'yanta kaso biyu, 40,000. Mataki na biyu shi ne kason waɗanda ba a karɓar kuɗinsu, wato Hajiya da gwaggo da auta, naira 60,000. Wannan ba a raba shi daidai, ana raba shi ne bisa hali. Yaya zai iya ɗaukar 40,000, ƙane 20,000, sai ya zama Yaya 120,000, ƙane 60,000, ƙanwa 40,000. 'Yar ɗari biyar da ta yi saura mai tattara kuɗin ya cike ta. Amfanin tsarin shi ne ya raba abubuwa biyu da muke cakuɗawa: abin da gidanka ya ci, wanda hakki ne a kanka, da hidimar iyaye da baƙi, wadda kowa ke yi daidai ƙarfinsa. Mai hali ya samu wurin yin alheri ba tare da an ɗora masa komai da komai ba, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya biya nasa, ya zauna ba a matsayin wanda aka ciyar ba.

Su wa ake cirewa? Iyaye da kakanni, baƙon da ya zo daga nesa, ɗalibi, wanda ya rasa aiki, matar da mijinta ya rasu tare da marayunta, da wanda aka taru dominsa. Ba a sanar da sunayensu a bainar jama'a a matsayin marasa hali. Masu biyan ne ke yanke wannan a tsakaninsu. Akwai kuma abin da ba ya fitowa a rasit: wanda ya ɗebo iyali daga Ikorodu ko Badagry zuwa Ikeja ya riga ya kashe kuɗin mota da sa'o'i a hanya fiye da wanda ke Agege. Idan kullum wuri ɗaya ake haɗuwa, adalci ne a sassauta masa, ko a riƙa sauya wurin.

Maganar 'yan'uwa mata tana buƙatar natsuwa. A al'ada namiji ba ya karɓar kuɗin abinci daga hannun ƙanwarsa, kuma inda maza za su iya ɗauka, su ɗauka. Amma a Legas akwai mata da yawa masu albashi da masu kasuwanci waɗanda ke son a lissafa da su, kuma hana su kan zama kamar an mayar da su baƙi a cikin danginsu. A tambaye ta a keɓe, kwanaki kafin ranar. Idan kuɗin daga hannun mijinta zai fito, tana buƙatar lokacin da za ta yi masa magana, kada a jefa ta tsakanin miji da dangi da saƙon dare ɗaya. Shi kuwa surukin, idan ya halarta, shi ne mutumin da ya fi kowa shiga tsaka mai wuya. Kunya za ta sa ya yi wuf ya karɓi takardar don kada a ce ya zauna iyayen matarsa suna biya. Kada a bar takardar ta iso gabansa. Haka a gidan da ke da ɗakuna biyu ko uku: kada a raba lissafi bisa ɗaki, a ce 'ya'yan wance ga nasu, 'ya'yan wance ga nasu. Yin haka yana tayar da 'yan ubancin da aka taru don a kwantar. Gidan kowane magidanci shi ne ma'auni.

Duk wannan ba ya aiki idan aka bari sai an ci an ƙoshi. Tun ran gini ran zane. Mutum ɗaya ake naɗawa, wanda ya iya lissafi kuma ba ya jin nauyin tambaya, galibi wani daga tsakiyar 'yan'uwa. Shi zai je wurin ko ya kira, ya tambayi ko haraji na cikin farashi, nawa ne kuɗin hidima, ko akwai mafi ƙarancin abin da tebur zai kashe, ko ana biyan wani abu idan an shigo da kek ko abin sha daga waje. Idan mutane sun haura goma, ya nemi a yi masa farashi ɗaya kan kowane mutum, ko a haɗa manyan farantai na tarayya, shinkafa iri biyu, nama, kaza, ruwa da lemo. Wannan kaɗai yana kashe rabin rigimar, domin babu sauran zancen wane ya ci mai tsada. Daga nan sai ya aika saƙo a zauren dangi na WhatsApp, gajere kuma a fili: "Assalamu alaikum. Ranar Lahadi bayan la'asar za mu kai Gwaggo cin abinci a Ikeja. Karo-karo ne, babba naira 20,000, yaro rabi. A turo kafin Juma'a. Wanda watan ya yi masa nauyi ya kira ni, kada ya ƙi zuwa." Jimlar ƙarshen nan ita ce mafi muhimmanci, kuma dole a cika ta da sirri. Jerin sunayen waɗanda suka biya da ake liƙawa a zaure, ana sabunta shi kullum, tozarci ne ga wanda sunansa bai fito ba.

A tattara kuɗin kafin ranar. Wanda ya ci ya tashi, bashin abinci shi ne na ƙarshe da yake tunawa, kuma bin ɗan'uwa bashin naira 20,000 ya fi asarar kuɗin ciwo.

A teburin ma akwai wuraren da kuɗi ke zurarewa. Kifi, musamman tarwaɗar da ake nunawa a kama da rai, da jatan lande, farashinsu ya danganta da girma, kuma a wasu wuraren ba a rubuta shi. A ji kuɗin kafin a yanka. Odar abinci ta bi ta bakin mutum ɗaya, ko aƙalla a gaya wa ma'aikacin kada ya ƙaro komai sai ya tambayi mai lissafin, in ba haka ba yara za su yi ta kiran lemo daga wancan ƙarshen teburin. Wanda yake son ya ƙunsa wa mutanen gida da ba su zo ba, wannan cinikinsa ne, a rubuta masa daban. Haka idan a dangin akwai wanda ba Musulmi ba, ko abokin wani, da ya nemi giya: a nemi a ware masa takardarsa tun farko cikin mutunci, domin Musulmin da ke teburin ba zai so kuɗinsa ya shiga ciki ba, kuma ba a so a gano haka sai a wurin biya.

Idan lokacin biya ya yi, mai lissafin ya tashi kamar zai wanke hannu, ya je wurin mai karɓar kuɗi. A can zai duba rasit layi-layi: kwalabe nawa aka rubuta, nawa ke kan tebur, ko an maimaita wani faranti, ko an sa abin da aka nema amma aka ce ya ƙare. Irin wannan kuskure yana yawa a babban tebur, kuma ba a iya gyara shi cikin natsuwa idan Hajiya na kallo. Tashin nan yana kuma hana kokawar da muka saba gani, wannan ya riƙe hannun wancan, wani ya ce wallahi shi zai biya, wani ma ya rantse. Rantsuwa biyu a kan takarda ɗaya, dole ɗaya ta karye, kuma kaffararta ciyar da miskinai goma ne ko tufatar da su. Abin da ake yi don kara sai ya koma nauyi.

A biya daga asusu ɗaya. Raba lissafi a kan kati huɗu ko biyar yana ninka yiwuwar na'urar POS ta cire kuɗi ba tare da ta fitar da shaidar biya ba, kuma ko da yake ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020 ta ce a warware irin wannan cikin awa 72, gidan abincin ba zai jira ba, sai an sake biya nan take. Saboda haka mai biyan ya tabbatar asusunsa na da rarar da za ta ɗauki biya sau biyu, ko wani ya riƙe kati na biyu, ya kuma duba iyakar abin da bankinsa ke bari ya fitar a rana. Idan tiransifa za a yi, a tura zuwa asusun da ke ɗauke da sunan gidan abincin, kada a tura na ma'aikaci, a kuma karɓi rasit. Harajin naira 50 da ake cira kan kuɗin da ya kai 10,000 da ɗan kuɗin turawa ba abin da za a tsaya rabawa ba ne. Tukwicin ma'aikaci kuwa daban yake da kuɗin hidimar da ke rasit, domin ba kowane wuri ne ke miƙa wa ma'aikata wannan kuɗin gaba ɗaya ba. Wanda ya yi ta kai da kawo a kan mutum goma sha huɗu da yara ya cancanci a sa masa wani abu a hannu, kuma a saka shi cikin ƙiyasi tun farko.

Wasu dangin sun fi son zagaye irin na adashi: wannan karon gidan wane, karo na gaba gidan wane. Yana tafiya idan gidajen sun yi kusa da juna a ƙarfi kuma an tsayar da iyakar abin da za a kashe. Idan ba a tsayar ba, gasa ke shiga. Wanda ya kai mutane Victoria Island, unguwar masu hannu da shuni, ya ɗaure wanda ke biye da shi, shi kuma ko ya ci bashi ko ya yi ta ɗage ranar har a manta. Ga tashin farashi: wanda zagayen ya iso kansa bayan shekara zai biya fiye da na farko a kan abinci iri ɗaya. Wasu kuma asusun zumunci suke da shi, ana zuba wani abu duk wata. Wannan ya fi kowanne sauƙi a ranar, muddin an ware kuɗin shagali daga kuɗin jinya da rasuwa da tafiyar gaggawa zuwa gida. Ranar da aka ci kaji da kuɗin asusu sannan wani ya kwanta asibiti aka tarar babu komai, ba za a ƙara zuba ko kwabo ba.

Idan an yi komai daidai amma wani bai turo nasa ba, a tuna masa sau ɗaya, a keɓe, bayan kwana biyu ko uku. In ya yi shiru, masu hali su cike, kada a kai maganar gaban Hajiya, kada kuma ta zama abin gori a wani taron. Sai dai mai lissafin ya gane wanne ne. Idan rashi ne, a sa shi cikin waɗanda ake ɗauke wa ba tare da an gaya wa kowa ba. Idan kuwa yana da shi, sabo ne kawai na barin wasu su biya, to babban wansa ne zai yi masa magana, ba ƙane ba, kuma karo na gaba sai kuɗinsa ya shigo kafin a ƙirga kujerun gidansa. In kuma ƙiyasin ya nuna gidaje biyu cikin uku za su takura, a sauke wurin: a yi odar tsire da balangu da masa daga masu nama na Agege ko Obalende, a dafa shinkafa a gidan da ya fi fili, kowane gida ya zo da abin sha. Babu haraji, babu kuɗin hidima, kuma kuɗin da zai ciyar da mutum goma sha huɗu a Ikeja zai ciyar da fiye da haka har a aika wa maƙwabta.